Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yaran Carlisle da Sojojin West Point

A makon jiya na tsaya a Babbar Sallarmu ta farko a Amurka, wadda muka yi ba rago a ƙofar gida, ba ƙaurin suya, sai naman da maigida ya je ya yanka a wata gona ya kawo cikin leda. Kwana uku bayan Sallah guguwar da suka sa wa suna Sandy ta taso, aka rufe makarantu, muka kulle kanmu a ɗaka. Da gari ya lafa ne abin da zan ba ku yau ya faru.

Ga wanda bai bi mu tun farko ba, shekarar 2012 ce. An tura maigida kwas na shekara guda a Kwalejin Yaƙi ta Sojan Amurka da ke barikin Carlisle a jihar Pennsylvania, inda Janar Muhammadu Buhari ya yi nasa kwas ɗin daga 1979 zuwa 1980. Ni kuma na ɗauki hutu daga aikin koyarwa na bi shi da yara uku.

Daf da ƙofar shiga barikin akwai wata 'yar maƙabarta a bakin titi, an kewaye ta da baƙin shingen ƙarfe, fararen duwatsu a jere layi-layi. Wata huɗu muna wuce ta, ni duk a zatona sojoji ne a kwance. Ran nan layin motoci ya tsaya da mu daidai wurin, sai autata, mai shekara bakwai a lokacin, ta manna fuska a gilashi ta ce, "Umma, me ya sa ake ajiye wa sojoji 'yar tsana?" Na leƙa. Gaskiyarta ce. A gindin duwatsun akwai 'yan tsana da ƙananan motocin wasa da duwatsun wuya, ga ƙyallaye masu launi an ɗaura a rassan wata bishiya da ke tsakiya.

Kowane iyalin baƙin hafsoshi ana haɗa su da wani ɗan gari mai nuna musu hanya. Tamu wata dattijuwa ce, mijinta ya rasu, tana aikin sa kai a gidan adana tarihi na gundumar. Yarana Kaka suke ce mata, ita ma ta karɓi sunan hannu biyu. Da na tambaye ta sai ta yi shiru, can ta ce in shirya gobe da hantsi za ta zo ta ɗauke ni, domin amsar ba ta tsaye ba ce.

Yara ne a maƙabartar. Sama da 180.

Ashe barikin da maigida ke karatu, daga 1879 zuwa 1918 makarantar kwana ce ta gwamnati da aka buɗe domin 'ya'yan 'yan asalin ƙasar. Su ne mutanen da tun muna yara muke kira Indiyawan daji, masu gashin tsuntsu a ka, waɗanda kaboyi ke harbewa a fim muna tafi. Tun daga ranar ban ƙara kiransu da wannan suna ba. Wani hafsan soja, Richard Henry Pratt, shi ya kafa makarantar, kuma bai ɓoye manufarsa ba. A wani jawabi da ya yi a 1892 ya ce a kashe Ba'indiyen da ke cikin yaro, a ceci mutumin. Dubban yara aka kwaso daga ƙabilu sama da 140, wasu daga tafiyar kwana da kwanaki a jirgin ƙasa. Yaro na isowa a aske masa dogon gashinsa, a tuɓe masa kayan gidansu a sa masa irin na soja, a ba shi sunan Turawa, a hana shi magana da harshen uwarsa. Rabin yini aji, rabin yini aikin hannu. Lokacin hutu, maimakon gida, sai a rarraba su gidajen Turawa manoma su yi aikatau. Tarin fuka da ciwon huhu suka yi ta ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, nesa da iyayensu. Wasu duwatsun ko suna babu a kai.

Kaka ta nuna mini hotuna biyu na wani saurayi ɗan ƙabilar Navajo mai suna Tom Torlino. Na farko ranar da ya iso a 1882, gashi har kafaɗa, 'yan kunne, sarƙa a wuya. Na biyu bayan shekara uku, an yi masa aski, kwat da wuyan riga a tsaye. Makarantar da kanta ta riƙa yaɗa irin waɗannan hotuna don a ga aikinta. Na daɗe ina kallon idanunsa a hoto na biyu.

Muna cikin haka na hango wani hoton a bango, samari sanye da rigunan sanyi masu kauri, ɗaya ya rungume ƙwallo mai tsini biyu. Kaka ta ce ai waɗannan su ne 'yan wasan makarantar, kuma a wannan watan ne ake cika shekara ɗari cif da abin da 'yan wasan 1912 suka yi wa sojoji.

Ni ba mai kallon ƙwallo ba ce, ko tamaular gida ban damu da ita ba. Amma babban ɗana, mai shekara goma sha uku, ya riga ya faɗa wa ƙwallon Amurka, kowace Juma'a da dare sai ya matsa an kai shi kallon wasan makarantar sakandaren garin. Shi ya zaunar da ni ya koya mini. Ƙwallon kamar gwanda take, da hannu ake ɗaukarta. Mutum goma sha ɗaya kowane ɓangare. Ana ba ku dama huɗu ku matsa gaba da yadi goma, yadin nan dai da muke auna shadda da shi. In kun cika a sake ba ku huɗu, in kun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya ci maki 6, bugun da ke biyo baya ta tsakanin sanduna maki 1. Dama huɗun nan da maki 6 ɗin, duk a shekarar 1912 aka shigar da su doka. Kafin nan wasan ya kusa zama dambe da kokawa a haɗe. A 1905 kaɗai aƙalla 'yan wasa 18 suka mutu, har sai da Shugaba Theodore Roosevelt ya sa baki, aka gyara dokoki, a 1906 aka yarda a riƙa jefa ƙwallo gaba.

Wannan gyara ya yi wa yaran Carlisle daidai. Ba su kai 'yan manyan jami'o'i girman jiki ba, ba su da yawan da za su yi ta canji, don haka suka dogara da gudu da dabara da jifa. Kocinsu Bature ne, Glenn Warner, wanda ake wa laƙabi da Pop, mutum mai kaifin kai da kaifin baki. Tun a 1903 suka taɓa cusa ƙwallo a bayan rigar wani ɗan wasansu ya sheƙa da ita har ƙarshen fili 'yan Harvard na ta neman inda take. A 1911 kuma suka je har gida suka doke Harvard 18 da 15.

Wanda ya buga ƙwallo huɗu ta tsakanin sanduna a wancan wasa shi ne Jim Thorpe, ɗan ƙabilar Sac da Fox daga yankin da ya zama jihar Oklahoma. Sunansa na gida Wa-Tho-Huk, wato hanya mai haske. Tagwaye aka haife su, ɗan'uwansa Charlie ya rasu suna yara, uwa ta bi, uba ma ya rasu a 1904, shekarar da aka kawo shi Carlisle. A watan Yulin 1912 ya je gasar Olamfik a Stockholm ta ƙasar Suwidin ya ciyo zinare biyu, ɗaya a gasar wasanni biyar, ɗaya a ta wasanni goma, Sarki Gustav na Biyar ya ba shi kyautarsa da hannunsa. Akwai hotonsa a gasar sanye da takalma wari da wari, domin nasa sun ɓace ya tsinci wasu ya sa. Wani ɗalibin makarantar, Lewis Tewanima ɗan ƙabilar Hopi, shi ma ya ciyo azurfa a tseren mita 10,000. Wata biyu bayan haka Thorpe ya koma fili a matsayin kyaftin.

Wasa 14 suka buga cikin mako goma. Na kwafe sakamakon a bayan littafin girkina, har yau yana nan. Sun fara da ƙananan kwalejojin makwabta: Albright 50 da 7, Lebanon Valley 45 da nema, Dickinson da ke gari ɗaya da su 34 da nema, Villanova 65 da nema. Sai Washington da Jefferson ta riƙe su canjaras, babu wanda ya ci ko maki ɗaya. Mako na zagayowa suka huce a kan Syracuse 33 da nema, suka bi da Pittsburgh 45 da 8, Georgetown 34 da 20, suka tsallaka Kanada suka ci Toronto, suka dawo suka ci Lehigh 34 da 14. Mafi yawan wasannin nan a gidan wasu aka yi su, domin kuɗin ƙofa a manyan birane yake. Kullum suna cikin jirgin ƙasa, kullum baƙi ne, kullum 'yan kallo na ɗaya ɓangaren ne. Jaridun zamanin in za su ba da labarin nasararsu sai su yi ta zancen kisan kiyashi da fiɗe fatar kai, kamar ba ɗalibai ne suka buga ƙwallo ba.

Ranar Asabar 9 ga Nuwamba suka isa West Point, makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka da ke kan tudu a bakin kogin Hudson, kamar dai NDA tamu ta Kaduna. A nan Kaka ta ajiye takardun hannunta ta dube ni. Ta ce in lissafa: daga kisan Wounded Knee, inda sojojin Amurka suka buɗe wa mutanen Lakota wuta, maza da mata da yara, a watan Disambar 1890, zuwa ranar wannan wasa, shekara 22 ne kacal. Wato cikin yaran nan akwai waɗanda aka haifa kafin a yi shi. Ga shi an ajiye su fili ɗaya da masu shirin sa kakin da ya kori iyayensu daga ƙasarsu. Gus Welch, wanda shi ne mai raba ƙwallo kuma mai kiran dabara a fili, ya ba da labari daga baya cewa kafin su fita Warner ya tuna musu da wannan tarihi.

Sojoji ne suka fara ci, 6 da nema. Sun fi nauyi, a gidansu suke, ɗaruruwan 'yan'uwansu cikin kaki ruwan toka na yi musu kirari. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Carlisle ta rama ta wuce, 7 da 6. Da aka dawo sai wasa ya yi zafi, har alƙali ya kori kyaftin ɗin sojoji, Leland Devore, saboda ketar da ya yi wa Joe Guyon. Daga nan hanya ta buɗe. Warner ya tanadi wani sabon tsari, ya ajiye masu gudu biyu a gefe da gefe kamar fukafukai, ta yadda ba ka sanin ta ina ƙwallo za ta ɓullo. Sojoji suka zuba ido a kan Thorpe, shi kuwa ya yi ta keta su yana kai ƙwallo bakin gida, Alex Arcasa na ƙarasawa. Sau uku Arcasa ya kai ta ƙarshen fili. Abin da ya fi burge ɗana ke nan: mutumin da duniya ta zo kallo bai kai ƙwallo gida ko sau ɗaya ba a ranar, amma kowa ya san shi ya ci wasan. Aka tashi 27 da 6.

Cikin sojojin da suka sha kashi akwai wani saurayi mai shekara 22 daga jihar Kansas, Dwight Eisenhower. Ana ba da labarin shi da abokinsa sun yi shawara su auka wa Thorpe tare, da suka taho sai ya ja birki suka yi karo da juna. Mako guda bayan haka Eisenhower ya ji ciwo a gwiwa a wasansu da Tufts, ƙwallo ta ƙare masa.

Yaran ma ba su tsira da girman kai ba. Asabar ta gaba suka je Philadelphia, Jami'ar Pennsylvania ta doke su 34 da 26, kuma shi ne kaɗai wasan da suka rasa. Suka sha da ƙyar a hannun Springfield 30 da 24, suka rufe da Brown 32 da nema ranar 28 ga Nuwamba. Nasara 12, kashi ɗaya, canjaras ɗaya, maki sama da 500.

Na so a ce labarin ya tsaya nan. Wata biyu ba su cika ba, a Janairun 1913, wata jarida ta tono cewa Thorpe ya taɓa buga wasan besbol a North Carolina a 1909 da 1910 ana biyansa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali a lokacin ba a yarda wanda aka taɓa biya don wasa ya shiga Olamfik ba. 'Yan jami'a Turawa da yawa suna yin haka da sunan ƙarya, shi kuwa da sunansa na gaskiya ya yi. Manyan da ya kamata su tsaya masa suka zame. Aka sa shi ya sa hannu a takardar neman afuwa, a ciki yana cewa shi ɗan makaranta ne kawai Ba'indiye da bai san waɗannan abubuwa ba. Aka ƙwace zinarensa. Mutumin da ya ɗaga martabar Amurka a Suwidin, sai a 1924 ƙasar ta yi dokar da ta ba dukan 'yan asalinta matsayin 'yan ƙasa. A 1914 majalisa ta binciki makarantar bayan ƙorafin da ɗalibai suka rubuta, Gus Welch na kan gaba. Aka tarar 'yan wasa na da ɗakunansu daban da abincinsu daban yayin da sauran yara ke kukan yunwa da duka. Warner ya koma Pittsburgh, a 1918 aka rufe makarantar.

A watan Janairun 1953 aka rantsar da Eisenhower shugaban Amurka. A watan Maris na wannan shekarar Thorpe ya rasu cikin talauci a California. Sai a 1982 aka yarda a mayar masa da lambobinsa, kuma sai a 2022, bayan mun daɗe da dawowa gida, aka amince shi kaɗai ne zakaran gasannin biyu.

Daren ranar da na dawo daga wurin Kaka ban yi barci ba, kuma ba Thorpe ne ya hana ni ba.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya sha ba mu labarin yadda aka kai shi elementare. An ce dagaci ya kawo yara, masu hali suka ɓoye nasu, kakarmu ta cusa shi cikin rumbu, aka zo aka zaƙulo shi tana kuka kamar an yi mutuwa. Amma shi da Hausa aka koyar da shi, ya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, ba a taɓa sunansa ba, ba a hana shi salla ba, kuma ya riƙa komawa gida. Tsakanin abin da ya same shi da abin da ya sami yaran Carlisle akwai nisa mai yawa, ba zan haɗa su ba. Abin da ya tsaya mini shi ne wanda muka yi wa kanmu bayan Bature ya tafi. A makarantar kwanan da na yi akwai wani ɗan katako mai igiya. Duk wadda aka ji ta yi Hausa, banakula muke cewa, sai a rataya mata a wuya, ita kuma ta yi ta kasa kunne ta kama wata ta sauke mata. Wadda ya kwana a wuyanta ita ce da yankan ciyawa. Na rataya, na kuma rataya wa wasu. Da na zama malama ban yi amfani da katako ba, tara nake karɓa, naira ashirin duk kalma, ina ganin taimakonsu nake yi saboda jarrabawa.

Akwai wata yarinya 'yar ƙauye da ta shigo ajina, mai kaifin basira, a makon farko hannunta kullum a sama. Sau biyu na ci ta tara. Ba ta da kuɗin, ba ta kuma da Turancin. Sai ta yi shiru. Zango guda cur ban ƙara jin muryarta ba, ni kuwa na rubuta a katin sakamakonta cewa ba ta da kuzari a aji. Idanunta na gani a hoton Tom Torlino.

Na tashi maigida na gaya masa. Ya saurare ni har ƙarshe. Na ce, "Abban yara, da kana filin nan ranar, wa za ka goya wa baya?" Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce samarin West Point ɗin nan ba su suka yi Wounded Knee ba, amma da an ba su umarni a lokacin da yawansu za su tafi, kuma wannan ne abin da ke hana shi barci tun da ya sa kaki, duk ranar da aka tura shi aiki cikin mutanen ƙasarsa. Shekara goma sha biyar da aurenmu a lokacin, bai taɓa faɗa mini irin wannan magana ba.

Ranar Juma'a 9 ga Nuwamba, bayan an taso daga makaranta, na kwashi yaran muka shiga bariki. Filin wasan yana nan, har yanzu Indian Field ake ce masa, ɗakin motsa jikin makarantar ma yana nan da sunan Thorpe a jikinsa. Babban ɗana ya ajiye jaka ya ruga daga wannan ƙarshe zuwa wancan da ƙwallonsa a hammata, sanyi na fitar masa da hayaƙi ta baki. Daga nan muka taka zuwa maƙabartar. Muka bi layi-layi ina karanta sunayen da ƙabilun da ke rubuce a ƙarƙashinsu, Sioux, Apache, Cheyenne, har da waɗanda aka kawo daga Alaska. Daga 2017 sojoji suka fara tono wasunsu suna miƙa wa danginsu, amma a lokacin duk suna nan. Autata ta ciro ribbom ɗin kanta ta ajiye a gindin wani dutse marar suna.

Wata biyar kawai muka yi a ƙasar, amma ta riga ta fara amsa mini da Turanci in na yi mata Hausa, ni kuma har daɗi nake ji ina gaya wa 'yan'uwa a waya. Da muka zauna cin tuwon semo da daddare na ce daga yau a kan tabarmar nan Hausa za a yi, ba tara, ba duka, wanda kalma ta ɓace masa ya tambaya. Ta ɗaga kofi za ta roƙi ruwa, ta buɗe baki ta tsaya, ta dubi yayanta. Ya raɗa mata. Ta ce, "Umma, a ƙara mini ruwa." Na ƙara mata.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin dusar ƙanƙararmu ta farko, da wasiƙar da na zauna na rubuta wa shugabar makarantarmu daga can.